Daga Kano Zuwa Ɗakin Ɗalibai a Madina: Kundin Komawata Karatu

Litinin, 15 ga Yuli, 2024

Saƙon da nake jira ya shigo yau da hantsi. Jami'ar Musulunci ta Madina ta ba ni gurbin digiri na farko a Kulliyyar Shari'a, tare da tallafin da take bai wa ɗalibai baƙi, wato karatu kyauta, da wurin kwana, da alawus na wata-wata, da tikitin jirgi na zuwa gida a ƙarshen shekarar karatu. Na nemi gurbin ne ta shafin intanet da Ma'aikatar Ilimi ta Saudiyya ta buɗe wa ɗaliban ƙasashen waje, kuma sharuɗɗa biyu ne suka fi hana ni barci: kada shekarun mai nema su haura 25, kada kuma shahadarsa ta sakandare ta wuce shekara 5 da fitowa. A duka biyun ina dab da bakin iyaka, saboda haka da wannan karon ya kuɓuce mini, da wuya in sake samun wani.

Na taɓa barin gida neman ilimi kafin yanzu. Ina shekara ta biyu a Jami'ar Ƙasa da Ƙasa ta Afirka da ke Khartoum yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, ranar 15 ga Afrilu, 2023, ana cikin goman ƙarshe na azumi. A motocin bas muka fita zuwa iyakar Masar, daga Aswan kuma jirgi ya kwaso mu zuwa Abuja a watan Mayu. Littattafaina da bargona da takardar sakamakon zangunan da na kammala suna can a ɗakin da na kulle da niyyar dawowa bayan Salla. Dalilin da ya sa zan faro daga shekarar farko ke nan, da shahadar sakandare kaɗai.

Abin da idona ya gani a waɗancan kwanaki shi ya sa na buɗe wannan kundi. Ɗaliban da suka fita da ɗan sauƙi su ne waɗanda fasfonsu yana hannunsu, suna da 'yan kuɗi tsaba a aljihu, kuma akwai wanda ya san lambar ɗakinsu ya zo ya ƙwanƙwasa musu ƙofa daren da motoci za su tashi. Wanda ya rasa ɗaya daga cikin ukun nan ya sha wuya ninki biyu. Don haka a wannan karon ina so in zauna da tsari tun daga tushe, in kuma rubuta kowane mataki yadda ya gudana, domin ƙanena da ke dab da sauke hadda, da ɗaliban Islamiyyarmu da kullum suke tambayata ta ina ake farawa.

Asabar, 10 ga Agusta, 2024

Aikin takardu ya tsaya cik a farkon watan nan, saboda zanga-zangar tsadar rayuwa da dokar hana fita da aka sa a Kano ranar 1 ga wata. Da aka sassauta na ci gaba. An fassara mini shahadar sakandare da takardar haihuwa zuwa Larabci, na kai Abuja aka buga musu hatimi a Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da Ma'aikatar Harkokin Waje, na yi gwajin lafiya, na kuma nemo katina na rigakafin shawara, wanda ake nema daga matafiyan da suka fito daga Najeriya.

Abu guda nake so mai zuwa bayana ya duba tun kafin ya kashe ko kwabo, shi ne yadda aka rubuta sunansa a kowace takarda. Wani abokin tafiyata sunansa ya zo iri uku, daban a fasfo, daban a shahada, daban a katin ɗan ƙasa, duk saboda bambancin harafi ɗaya ko biyu, kuma sai da ya je kotu ya yi takardar rantsuwa kafin sauran aikinsa ya motsa. Mu a gida mun saba ɗaukar wannan ƙaramin abu, amma na'ura ba ta san uzuri ba.

Kowace takarda na yi mata kwafi kashi uku. Kashi ɗaya yana wurin Yayana a cikin akwatin ƙarfe, ɗaya zai tafi da ni a jakar hannu, ɗaya kuma na ɗauki hotonsa na aika wa kaina ta imel, ta yadda ko waya ta ɓace zan same shi daga kowace kwamfuta.

Sai batun guzuri. Tun 1986 aka ɗaure riyal da dala a kan 3.75, saboda haka duk lokacin da naira ta faɗi a gaban dala, ta faɗi a gaban riyal. A Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, jiya riyal ɗaya ya haura naira 400. Manyan ɗaliban da ke can sun ce in zo da abin da zai riƙe ni wata biyu, domin alawus ba ya shiga hannu sai an sami iƙama, wato katin izinin zama a ƙasar, an buɗe asusun banki. Baba ya sayar da ɗan bijimin da yake kiwo domin Babbar Salla mai zuwa, bai kuma bari an yi dogon zance a kai ba.

Talata, 3 ga Satumba, 2024

Biza ta fito, tikiti ma ya zo. Yanzu haɗa kaya ya rage.

Inna ta daka kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji, ta ƙulla daddawa a leda biyu don kada ƙanshinta ya kama tufafi, ta kuma haɗa garin kunun gyaɗa. Goro na cire, domin hukumar alhazai ta sha gargaɗin kada a shiga da shi Saudiyya. Abin da ya fi nauyi shi ne saƙonnin mutane. Tun da labari ya bazu, duk mai ɗan'uwa a Makka ko Jidda ya zo da ƙunshinsa a ɗaure. Ban manta da ɗalibar nan da ta tashi daga Kano a ƙarshen 2018 aka tsare ta wata huɗu a Saudiyya kan wata jakar ƙwayoyi da aka liƙa wa sunanta ba, alhali ba ta san da ita ba, kuma hukuncin safarar ƙwaya a can kisa ne. Da ƙanwar mahaifina ta kawo nata, na durƙusa na ce, "Gwaggo, ki yi mini aikin gafara, duk abin da ban ga cikinsa da idona ba, ba zai shiga jakata ba." Ta ɗan yi shiru, sannan ta kwance ƙunshin da hannunta ta ce, "Duba, ɗan nan, gara ka duba." Turare ne da atamfa turmi ɗaya. Shi kaɗai na ɗauka.

Alhamis, 12 ga Satumba, 2024

Ina rubuta wannan daga kan gadona a sakan, kamar yadda kowa a nan yake kiran gidajen kwanan ɗalibai. Mun sauka Jidda cikin dare, bayan jirgi ya yi zagaye ya kauce wa sararin samaniyar Sudan kamar yadda jirage suke yi tun da yaƙin ya fara. Daga filin jirgin na hau jirgin ƙasa na Haramaini, wanda aka buɗe a 2018, ya kawo ni Madina cikin kimanin awa biyu. A tasha wani babban ɗalibi mutumin Damagaram, ɗan shekarar ƙarshe a Kulliyyar Hadisi, yana tsaye yana jirana, duk da cewa ta waya kawai muka san juna. Shi ya ɗauki babbar jakar, shi ya kai ni ofishin kula da harkokin ɗalibai, shi ya tsaya har mushrifi, wato mai kula da ginin, ya miƙo mini makulli. Na ce, "Malam, ban san da bakin da zan gode maka ba." Ya ce, "Haka aka yi mini. Baɗi kai za ka zo tasha."

Ɗakin na mutum huɗu ne, kowa da gadonsa da kabad da teburin karatu, ga na'urar sanyaya ɗaki guda ɗaya a saman taga, banɗaki da wurin wanki kuma na haɗaka ne a ƙarshen baranda. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin namu, don haka cajata ta shiga ba tare da na sayi komai ba. Abokan zamana ɗaya daga Indunisiya yake, ɗaya daga Kirgizistan, na ukun kuma Bamale ne daga Segu ta ƙasar Mali. An kafa jami'ar nan a 1961 domin 'ya'yan Musulmi na ko'ina, kuma a baranda ɗaya za ka ji harsuna fiye da goma kafin ka kai famfo. Jami'ar tana yamma da Haramin Madina, kusa da Masallacin Alƙibla Biyu, kuma da yamma motocin jami'a suna kwasar ɗalibai zuwa Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ranar da na iso aka kai ni na yi sallama. Wannan ba abin da zan iya zubawa a takarda ba ne, kuma ba zan gwada ba.

Na tarar da mutanenmu cikin damuwa. Shekaranjiya Talata madatsar ruwan Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri, kuma ɗalibin da ke ɗakin da ke kallon namu bai sami kowa nasa a waya ba sai yau da Azahar. Duk tsawon lokacin nan ba a bar shi shi kaɗai ba. Wani Bahaushen Kumasi ya kwana a ƙasan ɗakinsa, wasu suka riƙa karɓo masa abinci, aka kuma zagaya da hula aka tara abin da ya samu domin iyalinsa, waɗanda yanzu suke wata makaranta da aka mayar sansani. Ban cika kwana uku a ginin ba, amma ni ma an zo ƙofata, kuma na ji daɗin da aka zo.

Litinin, 23 ga Satumba, 2024

Yau hutu ne na Ranar Ƙasa, tunawa da haɗe masarautar a 1932, sai muka yi amfani da damar muka zauna mu huɗu muka daidaita zaman ɗaki. Ni na nemi a yi zaman, domin na lura ƙananan abubuwa sun fara taruwa, kuma a irin wannan wuri abin da ba a faɗa ba shi ke zama gaba.

Na farko na'urar sanyi ce. Zafin rana har yanzu yana haura digiri 40, kuma busasshen zafi ne mai fasa leɓe. Ɗan Kirgizistan, wanda ya taso cikin duwatsu masu ƙanƙara, yana so a ƙure sanyin dare da rana, shi kuwa ɗan Indunisiya, wanda ya saba da iska mai laima, kullum yana tashi da haɓo da maƙogwaro a bushe. Babu mai laifi a cikinsu. Mun sauya gadaje, mai son sanyi ya koma ƙarƙashin na'urar, mai haɓo ya koma bakin ƙofa, muka tsayar da ita a kan 24, muka kuma riƙa rataya jiƙaƙƙen tawul da dare. Fitila za a kashe ƙarfe 11, mai son tilawa ko bita bayan haka ya tafi masallacin jami'a. Waya da gida kuwa a baranda, musamman ni da Bamalen, tunda Saudiyya tana gaban Najeriya da awa 2, tana gaban Mali da awa 3, kuma lokacin da mutanenmu suke sararawa su kira, nan dare ya riga ya raba.

Duk wannan da Larabcin littafi muka tattauna shi, domin shi kaɗai ya haɗa mu. Larabcin Sudan da ya zauna a bakina yana yi mini amfani a kanti da wurin direbobi, amma a ɗaki ba mai gane shi, kuma ina ganin hakan alheri ne gare ni.

Shawara biyu na kawo, duka aka karɓa. Ta farko, mu liƙa takarda a bayan ƙofa mai ɗauke da cikakken sunan kowa, da lambar wani nasa a gida, da lambar babban ɗalibin ƙasarsu a nan, da duk wata cuta ko maganin da jikinsa ba ya so. Ta biyu, kowa ya riƙa ajiye riyal 10 a wata a cikin gwangwani domin ruwan sha da sabulu da ganyen shayi, abin da ya ragu kuma a bar shi don ranar larura. Da Bamalen ya tambayi dalilin takardar, na ba su labarin Khartoum a taƙaice. Shi ya fara rubuta nasa.

Laraba, 16 ga Oktoba, 2024

Iƙama ta fito, alhamdu lillahi. Kafin ta fito an sake yi mana gwajin jini da hoton ƙirji a nan, an ɗauki hoton yatsu, sannan aka jira. Ya kamata sabon ɗalibi ya fahimci cewa al'amuran nan sarƙa ne, kowane yana riƙe da na gabansa. Da lambar iƙama ake mayar da layin waya kan sunanka na dindindin, da layin ake buɗe Absher, manhajar Ma'aikatar Cikin Gida wadda ake ganin duk bayanan zama a cikinta, da Nafath wadda ake tabbatar da kai da ita, sannan banki ya buɗe maka asusu, sannan alawus ya sami inda zai faɗa. Wanda ya yi ƙoƙarin tsallake ɗaya zai dawo baya ne kawai. Kuma layin wayar nan a riƙe shi da kyau, domin duk lambobin sirri ta kansa suke zuwa.

Alawus ɗin, wanda ake kira mukafa'a, ya ɗan haura riyal 800. Idan aka juya shi zuwa naira a canjin yanzu ya wuce 300,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Najeriya a watan Yuli 70,000 ne. Daga nan matsalar take farawa, domin mutanen gida wannan lissafin suke yi, kuma ba za ka ga laifinsu ba idan ka san halin da ake ciki. Sai dai kuɗin a nan ake kashe su, da farashin nan. Abincin ɗakin cin abinci na jami'a da rangwame ake sayar da shi, amma akwai littattafai, da kuɗin waya, da mota idan ta jami'a ta wuce ka, da magani, da sutura. Na ga ɗalibin da yake tura kusan komai gida, sannan ya bi ɗakuna yana rance kafin tsakiyar wata, kuma karatunsa ne yake biyan bashin. Ni na kira Yayana na zayyana masa komai dalla-dalla, muka tsayar da abin da zan riƙa aika wa Inna duk wata, ƙarami amma ba fashi, da sharaɗin duk wata buƙata ta dangi ta bi ta hannunsa. Wani kaso kuma na ware shi tsaba a cikin jakar fasfo, ba na taɓa shi ko da me.

Manyanmu sun ja mana kunne a kan abu ɗaya tun ranar farko, ni ma ina maimaita shi: iƙamar ɗalibi ta karatu ce. Lokacin Umara za a zo maka da tayin tura keken marasa lafiya ko yi wa baƙi jagora a biya ka, kuma kuɗin suna da daɗin ji. Wanda aka kama, gurbin karatunsa ne a kan faifai.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, 2024

Bayan sallar Juma'a Malamin Damagaram ya kai ni gaishe da wani dattijo Bahaushe da aka haifa a nan Madina, wanda ɗalibanmu suka daɗe suna zuwa gidansa. Kakansa ya baro ƙasar Katsina a ƙafa, ya bi ta Barno da Wadai da Darfur, yana noma yana ƙwadago a hanya shekara da shekaru, har ya tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin. Wannan hanya tsohuwa ce, amma ta cika da mutane bayan 1903, shekarar da Turawa suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas aka kashe shi a Burmi, ɗansa Mai Wurno kuma ya ci gaba da jama'a har suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu a Sudan. Wasu sun tsaya can, wasu sun ƙarasa Hijaz. Na san zuriyar waɗanda suka tsaya, domin na yi karatu da 'ya'yansu a Khartoum, yau kuma na zauna a tabarmar zuriyar waɗanda suka ƙaraso. Daga cikin irin waɗannan gidaje ne Shaihu Umar Fallata ya fito, wanda ya daɗe yana karantarwa a Masallacin Annabi, ya kuma riƙe babban muƙami a jami'ar da nake ciki, kafin rasuwarsa a 1999.

Hausar dattijon tsohuwa ce mai daɗin ji, gauraye da Larabcin Hijaz. Jikokinsa suna jin Hausa amma da Larabci suke amsawa. An kawo tuwon shinkafa da miyar taushe, da tsire wanda yanzu ya zama abincin mutanen Makka da Madina baki ɗaya. A cikin hira na fahimci zaman mutanenmu a nan ba iri ɗaya ba ne: wasu 'yan ƙasa ne tun kakanni, wasu kuwa a nan aka haife su da iyayensu amma har yau da iƙama suke zaune, ana sabuntawa. Ɗalibin da ya zo jiya ya kamata ya san wannan, ya kuma iya bakinsa, kada ya shiga gidan mutane yana tambayar abin da ba a gaya masa ba.

Da za mu tafi na ce, "Baba, ina da wata alfarma." Na miƙa masa ambulan mai ɗauke da kwafin fasfona da iƙamata da lambar Yayana, na roƙe shi ya ajiye mini. Ya karɓa bai tambayi dalili ba, ya ce, "Ɗana, gidan nan gidanku ne. Ranar da ka ji ba daidai ba, ko tsakar dare ne, ka buga ƙofa." Yanzu akwai gida ɗaya a wajen katangar jami'a da ya san da zamana a garin nan.

Asabar, 21 ga Disamba, 2024

Sanyi ya sauka sosai, da asuba har sai an sa rigar sanyi kafin a fita masallaci, kuma a nan cikin hunturu ake samun ɗan ruwan saman da ake samu. Na sayi bargo. Na'urar da muka yi zama a kanta a Satumba yanzu a kashe take.

Daren Talata zazzaɓi mai zafi ya rufe ɗan Indunisiya, har ya daina gane Larabci, sai harshensu yake yi. Bamalen ya duba takardar bayan ƙofa, ya kira babban ɗalibin ƙasarsu, kafin minti goma ya iso. A takardar ne kuma muka ga akwai wani maganin da jikinsa ba ya ɗauka, muka gaya wa likita a asibitin jami'a tun kafin a rubuta masa komai. Kuɗin motar da ta kai mu daga gwangwani suka fito. Ya warware, jiya ma ya zauna bita.

Jarrabawar zango ta matso, don haka na rage fita. Tsarin da ya zauna mini shi ne darasi da safe, barci kaɗan bayan Azahar, sannan in bi motar yamma zuwa Harami in zauna a halƙar fiƙihu, wato zaman karatu a gaban malami, tsakanin Magariba da Isha. Halƙoƙin suna da yawa, kuma sabon zuwa yakan so ya zauna a kowacce, ya wayi gari bai riƙe ko ɗaya ba. Malamin Damagaram ya ce in zaɓi malami ɗaya da littafi ɗaya in lizimce su har a kai ƙarshe, kuma na ga amfanin hakan a cikin aji. Daren Juma'a kuwa muna haɗuwa gidan wani ɗalibi mai iyali, wanda yake haya a waje kamar sauran masu aure, mu tuƙa tuwo da kukar Inna. A wurin ne ake jin wanda ba shi da lafiya, da wanda aka yi wa rasuwa, da wanda ya daina fitowa daga ɗaki. Na ƙarshen nan shi ya fi ba ni tsoro, domin kewar gida a nan ba ta da ƙara, mutum yakan yi shiru ne kawai har ya fara fashin darasi.

Lahadi, 2 ga Fabrairu, 2025

A hutun tsakiyar shekara mun yi Umara mu huɗu 'yan ɗaki, a motar bas saboda ta fi sauƙin kuɗi, muka ɗauki harami a Zul Hulaifa da ke bakin gari. Mun kuma ziyarci Cibiyar Sarki Fahad ta buga Alƙur'ani, wadda aka buɗe a 1984, inda ake buga tarjamar Hausa ta Shaihu Abubakar Mahmud Gumi.

Ba a jira baɗi ba. Wasu da bizarsu ta makara sun iso a wannan zango, kuma an ba ni biyu daga cikinsu, ɗaya daga Gombe ɗaya daga Maraɗi. Na tarye su, na kai su ofis, na ranta wa na Maraɗi abin da zai riƙe shi har iƙamarsa ta fito, domin ya zo da ƙasa da abin da ake buƙata. Na kuma tsamo matakan da ke cikin wannan kundi na mayar da su shafi biyu, na ba su. Sun liƙa tasu takardar a bayan ƙofa, kuma ɗakuna huɗu a barandarmu sun yi koyi.

Talata, 11 ga Maris, 2025

Azumi ya kama ranar Asabar 1 ga wata, yau 11 ga Ramadan. Garin ya cika maƙil, dole a kama motar Harami tun bayan La'asar idan ana son wuri a ciki. A shimfiɗun buɗe-baki ana ba da dabino da kindirmo da burodin shuraik da garin dukka, kuma gidan dattijonmu suna da shimfiɗarsu da suka gada, inda nake taya su jera abinci wasu ranakun.

Ga inda aikin ya tsaya. Iƙama da asusun banki da layin waya suna kan tsari, ajiyar jakar fasfo ba a taɓa ta ba, sakamakon zangon farko ya fito da kyau, kuma mu huɗu mun nemi a bar mu a ɗaki ɗaya shekara mai zuwa. Abin da ya rage kafin dogon hutu shi ne bizar fita da dawowa, wadda ba a barin ƙasar ba tare da ita ba, kuma dole in tabbatar kwanakinta da na iƙamata sun wuce ranar da zan dawo. Sai batun inda za mu ajiye littattafai idan aka rufe gini, wanda ɗalibin nan mai iyali ya ce zai ba mu kusurwa a ɗakinsa na baƙi. Bayan Salla ɗalibanmu na Najeriya da Nijar da Gana za su zauna a raba sunayen masu zuwa a Satumba, domin kowane sabo ya san wanda zai tarye shi tun yana gida, kuma na nemi a ƙara shafukan nan biyu cikin abin da za a tura musu. Ƙanena ya sauke hadda a watan Sha'aban. Na sa Yayana ya tattara fasfonsa da shahadarsa da katinsa na ɗan ƙasa ya turo mini hotunansu cikin makon nan, in duba rubutun sunan kafin a buɗe shafin neman gurbi.